Ƙarfen da Babana Ya Haƙo

A Calama ruwan sama baƙo ne,
shekara kan zo ta wuce bai leƙo ba.
Ni ce Fresia mai aikin dare,
bokiti da tsumma, hawa na huɗu,
inda inji ke ƙirga wa mutane numfashi.

Shekara takwas ke nan da suka zo
da masu ɗaukar hoto,
suka kwance mariƙin kowace ƙofa
suka ɗaura na jan ƙarfe,
har gefen gado, har kan famfo,
har maɓallin kiran nas.
Shugaba ya shafa, ya ce mana:
"Wannan mai gadi ba ya gyangyaɗi.
Ƙwayar cuta in ta sauka a kansa,
kafin awa biyu ta zama gawa."
Aka yi tafi. Nawa ya fi ƙara,
don babana ne ya haƙo shi,
shekara talatin da ɗaya a ramin
da ya fi garinmu faɗi.

Daga nan sabulu ya fara daɗewa.
Kwalbar da kan ƙare ran Laraba
sai ta kai Lahadi da saura.
Na gani. Ban ce komai ba.

Ni dai ƙyalli nake so.
Daga gida na zo da man goge-goge
a ɓoye cikin aljihun riga,
ina murza ƙarfen har in ga haƙorana.

Sai Ximena ta ɗakin gwaji,
ƙarfe uku na dare, da ɗan tsinken auduga,
ta shafi gado na shida ta tafi.
Bayan kwana biyu ta tsare ni a matakala
da faranti ƙarami a tafinta:
ɗigo-ɗigo masu launin madara,
goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Ta ce, "Dubu sau dubu sun mutu, gaskiya ne.
Amma akwai mai ɗan famfo a fatarta,
dafin na shiga tana kwarfewa
kamar mai kwalekwale da ya huje.
In ta kai gaci, ba ta rowa,
takan miƙa wa maƙwabciya dabarar
yadda ake miƙa garwashi ta kan katanga,
wani lokaci a ƙunshi ɗaya
da sirrin ƙin jin magani.
Sauran kuwa ba su ma taɓa ƙarfen ba.
Wani ya shimfiɗa musu maiƙo,
sun kwanta a kai."

Hannuna na cikin aljihu.
Gwangwanin ya yi mini nauyin dutse.

Babana ne a gado na shida,
Nibaldo, mai huhu rabi nama rabi ƙura.
Da na faɗa masa, dariya ya yi
har inji ya yi kuka.
"Wuya makarantar kare," in ji shi.
"Mu ma haka ramin ya yi mana:
ya ci wasu, ya tofar da wasu,
waɗanda ya tofar su suka haife ku.
Ƙarfe na kisa, 'yata,
amma ba ya koyon komai.
Mai rai ne ke koyo."

Na jefa gwangwanin a shara.
Yanzu ƙarfen ya yi duhu
kamar tsohon kwabo a ƙasan akwati,
baƙi na cewa ba a kula da shi.
Ximena ta ce a haka yake aiki,
fuska a buɗe.

Kafin in taɓa goshin babana
nakan tsaya a famfo,
tafi, baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce,
ina ƙirgawa har arba'in.
Yana kallona, hannunsa a gefen gado,
riƙe da abin da ya haƙo.
In na gama yakan ce,
"Kin tsallake babban yatsa."
Sai in sake.